Ba Kwas Ɗin Da Na Nema Aka Ba Ni Ba: Tambayoyin Ɗaliban Katsina Da Iyayensu

Ni malamin Kemistire ne a wata sakandare a cikin birnin Katsina. Da yake ni nake zama da 'yan aji shida lokacin cike fom ɗin JAMB, ko sun tafi ba ma rabuwa. Wani ya kira ni daga titin Dutsin-ma, inda jami'a take, wata ta aiko ƙanenta da saƙo, wani uban kuma ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Maganar ba ta cika wuce guda ɗaya ba: yaro ya samu gurbi, amma ba a inda ransa yake ba. Tambayoyin da suka fi dawowa ne na tara a nan, da irin amsar da nake bayarwa.

Na cike likitanci, sai na ga an ba ni Bayoloji. Me ya jawo haka?

Kujeru ne suka yi kaɗan. Jami'a ba ta da ikon ɗibar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita take yanka wa kowace makaranta adadinta, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da asibitin da za a koyar a ciki. Haka abin yake a karatun lauya da jinya da harhaɗa magunguna, kowanne da hukumar da ke tsaye a kansa. Makarantar da ta zarce adadi, yaranta ne suke ɗanɗana kuɗarsu daga baya: sun gama, amma suna layin jiran a rantsar da su.

Sannan makin da ake sanarwa a rediyo, kamar 150 cikin 400 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ba makin likitanci ba ne. Shi ne mafi ƙarancin abin da za a yarda a kalli takardarka da shi. Yaro zai zo mini da murna, "Malam, na haye, 205 na ci." Ya haye ɗin, amma a layin likitanci akwai ɗaruruwa a gabansa. Jami'o'in tarayya kuma kashi uku suke raba gurabensu: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cikin na baya a karatun boko, har da tamu Katsina. In kujerun suka cika, ragowar da suka ci jarrabawa sai a tura su maƙwabta: Bayoloji, Kemistire, Fiziks, Maikurobayoloji, Bayokemistire.

Tun 2017 da JAMB ta kawo CAPS, tsarinta na ba da gurbi ta intanet, ba a ɗaura maka wannan auren sai ka amsa. Za ka ga tayin a shafinka, kai za ka danna karɓa ko ƙi. Saboda haka kar ka bar wa mai shagon intanet lambar sirrinka. Na ga wanda aka danna wa karɓa yana can gona bai sani ba.

To in danna karɓa, ko in haƙura sai baɗi?

Ka nemo makin da aka tsaya a kansa bana a kwas ɗin da kake so, ka gwada da naka. In tazarar 'yar kaɗan ce, goma ko sha biyar, kuma ka san inda ka zame, misali Fiziks ce ta kayar da kai don makarantarku ba ta da malaminta, to zaman shekara ɗaya ba asara ba ne, muddin ka san wurin wanda za ka je ya koya maka. In kuwa tazarar ta kai hamsin ko sittin, kuma wannan ne zamanka na biyu ko na uku, ni dai shawarata ka karɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ka sa shekarunka a lissafi. Wanda ya wuce 30 lokacin da ya kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafiya ake ba shi. Likitanci shekara shida ne, lauya da injiniyanci biyar-biyar, kuma wannan a takarda ne kawai. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas, daga Fabrairu har Oktoba.

Abin da na fi tsoro zaman banza ne. Yaron da ya ce zai jira baɗi, wata biyun farko za ka gan shi da littafi, daga nan sai majalisa, sai gidan kallon ƙwallo, sai an fara sayar da fom ya farga. Sau da yawa makin na biyu ba ya kai na farko.

Akwai masu karɓa su fara karatu, sannan su sake zana JAMB a gefe. Ana yi, wasu ma sun dace. Amma taura biyu ba ta taunuwa, jarrabawar kan faɗo ne ana tsakiyar zango, sai a wayi gari an ɓata nan ba a samu can ba. In za ka yi, kar ka ɓoye a wurin rajista cewa kai ɗalibi ne, kuma ka sani ba a riƙe gurbi biyu. In sabon ya fito sai ka saki tsohon, ka koma aji ɗaya.

Yaya zan gane ko kwas ɗin ne ba na so, ko wani abu ne daban yake damuna?

A nan nake daɗewa da yaro in ya zo, domin "ba na son kwas ɗina" buhu ne da ake zuba abubuwa iri-iri a ciki.

Akwai kunya. An haɗu a wurin ɗaurin aure, abokinka ya ce likitanci yake yi, kai ka ce Bayoloji, sai wani dattijo ya ce "to, Allah ya taimaka" da wata irin murya. Wannan ciwon na gaske ne, amma ba kwas ne ya ji maka shi ba. Ka tambayi kanka: da a ce babu mai tambayata abin da nake karantawa, zan ji zafin nan?

Akwai Turanci, shi kuma ba a son faɗarsa. Yaro ya taso a makarantar da malami yake fassara komai da Hausa, sai ga shi a ɗakin lakca mai cin ɗaruruwan mutane, lakcara yana zuba Turanci ta lasifika mai ƙara, ba ya waiwaye. Sati uku bai kama komai ba, sai ya ce kwas ɗin ne. Duk inda ka mayar da shi, Turancin nan zai tarar. Maganinsa abokan karatu uku ko huɗu, da ƙamus, da sammako don a samu layin gaba.

Akwai yunwa da kuɗin mota. Wanda yake tasowa kullum daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga zuwa titin Dutsin-ma, Keke Napep biyu, bai karya ba, lakcar ƙarfe takwas ta wuce shi, ko me yake karantawa ba zai ji daɗinsa ba.

Kuma aji ɗaya ba ya nuna fuskar kwas. 'Yan kimiyya kusan abu ɗaya suke yi a shekarar farko: Lissafi, Fiziks, Kemistire, Bayoloji, da darussan bai-ɗaya. Ka nemi ɗan aji uku ko huɗu na sashenku, ka ari littafinsa ka kwana biyu da shi. Ka je inda masu wannan karatun suke aiki ka wuni.

Ni kaina likitanci na nema har sau biyu, aka ba ni koyar da Kemistire. A bencin baya na yi shekarar farko, na kwaso kariyoba biyu, wato darussa biyu da na faɗi sai na maimaita. In an tambaye ni a unguwa sai in ce "kimiyya" in yi gaba. Abin ya juya ne da aka tura mu gwajin koyarwa wata makarantar ƙauye da ko kwalbar gwaji ɗaya ba ta da ita. Darasin ranar bambanta asid ne da kishiyarsa. Na jiƙa zoɓo a gida na tace, na zo da shi a gora, da lemon tsami, da jiƙon kanwa. Na zuba zoɓon a kofunan roba uku. Na matsa lemo a na farko, ya ƙara ja ya yi haske. Na ɗiga kanwa a na biyu, ya rikiɗe ya koma kore-kore mai duhu. Na uku na bar shi yadda yake, na jera su a kan teburi. Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya daga baya ta ce, "Malam, ashe shi ya sa in Inna ta sa kanwa a yakuwa tsamin yake mutuwa?" Tun daga ranar ban sake cewa "kimiyya" ba in an tambaye ni.

Amma kar labarina ya yaudare ka. Abokina da muka shiga tare bai taɓa samun irin wannan ranar ba. Ya daure ya gama da ƙyar, takardar tana ƙasan akwati, yau kayan gini yake sayarwa, kuma ya fi ni rufin asiri. In ka ware kunya, ka ware Turanci, ka ware yunwa, ka leƙa darussan gaba, amma zuciyarka ba ta motsa ba, to kwas ɗin ne, kuma gara ka nemi mafita tun kana aji ɗaya.

Ana iya canza kwas bayan an shiga?

Ana iyawa, a yawancin makarantu bayan an gama shekarar farko. Akwai fom da ake saye, shugaban sashen da za ka bari ya sa hannu, na inda za ka koma ya ce yana da wuri, sannan hukumar makaranta ta amince. Abu biyu za a duba: ko kana da kiredit ɗin WAEC ko NECO da sabon kwas yake buƙata, da kuma CGPA ɗinka, wato matsakaicin makin da ka tara a jami'a. Ma'aunin a kan maki biyar yake: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama, daga 1.50 ta uku. Kowace makaranta da inda ta kafa sandarta, kuma yana rubuce a ɗan littafin dokoki da aka raba muku, wanda yawancinku ba ku buɗe ba.

Ga abin takaici. Yaron da ya fi ƙin kwas ɗinsa shi ne yake daina zuwa lakca, sakamako ya lalace, ranar neman canji a ce makinsa bai kai ba. Fushin da ya yi da kwas ɗin shi ya ɗaure shi a ciki. In fita kake so, sai ka yi karatun kamar kana sonsa.

Komawa likitanci ko lauya ta wannan hanyar da wuya ƙwarai, saboda adadin nan da aka yanka. Tsakanin sassan tsangaya ɗaya ya fi sauƙi. Wani lokacin sai ka maimaita aji. In canjin ya tabbata, ka bi sawu har bayananka na JAMB su yi daidai da na makaranta, domin da jerin JAMB ake tantance masu tafiya hidimar ƙasa, kuma ba daɗi sai ka gama a ce sunanka yana wani sashe. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a bayan fage ya mayar da kai likitanci ɗan damfara ne, ko da katin ma'aikaci a wuyansa.

Babana ya rantse sai na zama likita, ni kuwa kwamfuta nake so. Yaya zan yi ban saɓa masa ba?

Kar ka tare shi da gardama, kuma kar ka ɗauko maganar gaban mutane ko gaban ƙannenka. Uban da ya riga ya faɗa wa abokansa a majalisa cewa ɗansa likita zai zama, ba kwas kaɗai kake roƙon ya janye ba, maganarsa ce. Ka fara da mahaifiyarka. Sannan ka nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa, ko amininsa, ko limamin unguwa, ko tsohon malaminka. Mu ma ana aiko mu, kuma muna zuwa.

In ranar ta zo, ka je da takarda a hannu, ba da "ni dai ba na so" ba. Na taɓa raka wani yaro. Ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, "Baba, ga sakamakona na shekara uku. Lissafi ban taɓa sauka daga saba'in ba, Bayoloji ban taɓa wuce hamsin ba. In ka ce in je zan je, amma ina tsoron in ci kuɗinka shekara uku a koro ni." Uban ya daɗe yana juya takardun, sannan ya ce, "Malam, kai me ka gani?" Ba a ranar ya amince ba. Sai bayan sati biyu amsa ta zo, ta bakin uwar.

In ya dage duk da haka, kuma makinka ya kai, ka je ka yi da gaske. Kwamfuta tana cikin 'yan abubuwan da ake iya koya a gefe, da hutu da daddare. Likitanci ba a koyonsa a gefe.

Malam, ni nake biyan kuɗin makarantar nan. Ashe ba ni da ikon zaɓa wa 'yata abin da zai amfane ta?

Kana da haƙƙi, Alhaji, kuma ka fi ta sanin duniya. Sai dai ita za ta shiga ɗakin jarrabawa. Bayan shekarar farko ɗakin gawa za a kai su su koyi sassan jiki, sannan babbar jarrabawar Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistire, wadda in an faɗi, an sake an faɗi, sallama ake yi. In an gama shekara shidan akwai shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin hidimar ƙasa. Tsoron jini ba shi ne abin dubawa ba, wannan ana sabawa. Abin dubawa shi ne ko za ta iya zama da littafi dare da rana tsawon shekarun nan a kan abin da ba ita ta zaɓa ba.

Roƙona ga iyaye guda ne: a daina kiran yara "Dakta" da "Barista" tun suna firamare. A bakinku wasa ne, a kansu kaya ne. Na san yarinyar da aka sallama daga likitanci, ta yi zango guda cur tana fita kullum da safe da farar riga a jaka, don ta kasa faɗa a gida.

An ba ni kwas ɗin malanta. Gaskiya ne na waɗanda suka rasa wuri ne?

Bakatsine ne zai faɗi haka? Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda gininta na ƙasa yake nan har yau ya zama gidan tarihi, makarantar horon malamai ce. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan suka yi karatu, kuma dukansu da alli suka fara aiki, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Bauci. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa digirinsa na farko a ABU Zariya na koyarwa ne da Kemistire, ya kuma koyar a Zariya da nan Katsina kafin ya zama gwamna a 1999, shugaban ƙasa a 2007.

Ba zan ce maka albashin malami yana kai ƙarshen wata ba, ni ne shaida. Amma aikin yana samuwa fiye da na kwasa-kwasai da dama, kuma dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 ta aiki. Abin dariyar kuma, da yawa daga masu raina ka da suka yi Kemistire ko Fiziks zalla, aji ɗin nan dai za su dawo, sai sun ƙara difloma ta koyarwa, PGDE, kafin hukumar rajistar malamai, TRCN, ta yi musu rajista. Kai da takardarka ka fito. Mai takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma kuwa, in sakamakonsa ya yi kyau, aji biyu yake shiga a jami'a kai tsaye.

Hausa aka ba ni. Abokaina suna dariya, wai zan je jami'a in koyi abin da na sha a nono.

Ka ce su bayyana maka dalilin da ya sa garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban. Ko su rubuta shafi ɗaya ba su haɗa kalmomin da ake rabawa ba. Jin harshe daban, nazarinsa daban: akwai ilimin sauti, da nahawu, da adabi, da fassara. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga na Jamus da na Faransa da na Sin, ga gidajen rediyo da talabijin na gida, ga masu neman a fassara musu saƙon lafiya da na noma. Amma sai ka haɗa da Turanci mai kyau ko Larabci ko Faransanci, domin mai fassara da harshe biyu yake ci.

Masu Tarihi ma haka ake musu. Su tuna da Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, wanda da Tarihin nan ya yi sunan da har aka sa wa kwaleji a Daura.

Ni ɗan Daura ne. Da in karɓi abin da ba na so a jami'a, ba gara in yi wanda nake so a poli ba?

Sau da yawa gara. Ƙaramar difloma, ND, shekara biyu ce, sai shekarar koyon aiki, sai babbar difloma, HND, shekara biyu, kuma mai HND yana zuwa hidimar ƙasa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga ta tarayya a garinku Daura da aka kafa a 2019. Wanda hannunsa yake ƙaiƙayin waya da inji da awon fili ya fi samun sakewa a can. In ND ɗinka ta yi kyau kana iya tsallakawa jami'a aji biyu. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne bambancin da ake nuna wa mai HND a wasu wuraren aiki, musamman na gwamnati, an daɗe ana kuka a kansa.

Ka duba Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, in injiniyancin layin dogo da hanyoyi yana burge ka; layin Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya aka zana shi. Duk makarantar da za ka shiga, sabuwa ko tsohuwa, ka tambaya ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar jami'o'i, NUC, in jami'a ce, ko ta hukumar ilimin fasaha, NBTE, in poli ce.

Ni mace ce, an sa mini rana. An ce in ɗauki kwas mai sauƙi.

Babu kwas mai sauƙi ga mai goyo, 'yata. Wanda kike so shi za ki fi iya tashi ki karanta bayan yaro ya yi barci.

Maganar karatu a yi ta tun kafin ɗaurin aure, a gaban waliyyai, ba a waya tsakaninki da shi ba. In jinya ko ungozoma kike nufi, ga makarantar jinya a Katsina, ta ungozoma a Malumfashi, na fasahar lafiya a Kankiya da Daura, kuma matanmu suna matuƙar buƙatar mace ta duba su. Amma ki gaya masa dalla-dalla cewa akwai kwanan asibiti, kar ya ji daga baya. Hidimar ƙasa ba abin damuwa ba ce, matar aure tana iya neman a bar ta a jihar mijinta.

Wane kwas ne ya fi kawo kuɗi?

Ka shiga babbar kasuwar Katsina ka tambayi masu manyan shaguna abin da suka karanta. Kwasa-kwasan da suke da lasisi, irin su likitanci, jinya, magunguna da gwajin asibiti, hanyarsu zuwa aiki ta fi miƙewa. Sauran kuwa, abin da ka ɗora a kan takardar ne yake ciyar da kai.

Ina aji uku, sai yanzu na tabbata ba na so.

Ka ƙarasa. Abin da ya rage bai kai wanda ka ci ba, kuma digirin nan mabuɗi ne ko ba ka son launinsa. Da shi za ka yi difloma ta gaba da digiri a wani fanni, daga nan digiri na biyu. Da shi za ka zana jarrabawar akantoci ta ICAN, ko ka yi PGDE. Wasu jami'o'in ma suna ɗaukar mai digirin kimiyya mai kyau aji biyu na likitanci, in har yanzu abin yana ranka kuma kana da ƙarfin ƙarin shekara biyar.

Kafin nan akwai wurare biyu da kake da zaɓi: watannin koyon aiki na SIWES, da binciken kammalawa. Ka karkata su wajen abin da kake so. Ɗan Bayoloji mai son noma ya nemi gona ko wurin kiwon kifi, ɗan Lissafi mai son kwamfuta ya ɗauki binciken da zai tilasta masa rubuta manhaja.

In kuwa damuwar ta kai ba ka barci, ba ka cin abinci, ka daina shiga mutane, wannan ya wuce maganar kwas. Ka je asibitin makaranta, ka kuma faɗa wa wani babba a gida.

Kwas ɗin da nake so ya fi ƙarfin aljihun gidanmu.

Tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ga 'yan makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ka shiga da saninka. Ka nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ma. Kuma ka tambayi 'yan sashen kuɗin da ba a rubutawa a takardar rajista: kayan zane ga mai zanen gine-gine, kwamfutar hannu, manyan littattafai, tafiye-tafiyen gani da ido. Su suka fi karya mutane a tsakiyar hanya.

Na yi istihara amma ban yi mafarkin komai ba.

Malamanmu sun bayyana cewa mafarki ba sharaɗi ba ne. Ka yi sallar, ka yi addu'ar, ka yi shawara da waɗanda suka sani, sannan ka nufi abin da ya kwanta maka.

Ƙanena zai shiga aji huɗu na sakandare. Me zan yi masa tun yanzu?

Ka zo da wuri, domin a wannan ajin ake raba hanya, ba ranar cike JAMB ba. Ranar da aka ce wannan kimiyya, wannan adabi, wannan kasuwanci, an rufe wa yaro wasu ƙofofi ba tare da ya sani ba. Likitanci yana son Turanci, Fiziks, Kemistire da Bayoloji a JAMB. Injiniyanci yana son Lissafi a maimakon Bayoloji. Lauya yana son Adabin Turanci, wanda ɗan ajin kimiyya bai taɓa buɗewa ba. A makarantunmu kuwa sau da yawa ba a tambayar yaro, duk mai ƙoƙari a tura shi kimiyya, kamar ajin adabi na rago ne. Na koyar da yaran da suka yi shekara uku suna kokawa da Kemistire alhali bakinsu da alƙalaminsu na lauyoyi ne.

Ka karɓi sakamakonsa na aji ɗaya zuwa uku ka duba darasin da yake ci ba tare da an matsa masa ba. Da hutu ka kai shi ya wuni a shagon magani, ko wurin masu awon fili, ko kotu ranar zama, ko gidan rediyo, ka ji wanne yake ba da labarinsa in an dawo gida. Ka tsaya masa a kan Lissafi da Turanci, domin yawancin kwasa-kwasai sai da kiredit biyar har da su biyun. Ka yi masa lambar NIN tun yanzu, tunda JAMB ba ta rajista sai da ita, kuma ka tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a NIN da takardun makaranta. Bara sati uku muka yi muna zarya da wani yaro saboda a wata takardar Muhammad ne, a wata Muhammadu.